Burodin da Yaya ta gasa wa Kyaftin

Yayata ɗinkin labule take yi. Shagonta ɗaki ne mai tsawo a ƙasan wani bene, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. In ka shiga za ka ga yadudduka jingine da bango kamar mutane a layin asibiti, teburin yanka a tsakiya, sai kekunan ɗinki a ƙurya, ɗaya na lantarki, ɗaya na takawa wanda ta ƙi rabuwa da shi. Ni nake zama a kan na lantarkin. Sunanta na yanka ya ɓace tuntuni. Kowa Mai Labule yake ce mata, har 'ya'yanta in suna neman tsokana.

A gidanmu an san Yaya da hannun da ba ya karkacewa a yanka, an kuma san ta da rashin mantuwa. Mahaifiyarmu takan ce, "Wannan ko kaza ce ta taka ta, sai ta jira ranar da za a fige ta." Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya. In ka yi mata abu sai ta yi murmushi ta ce ba komai, ta naɗe shi ta ajiye kamar ragowar yadi.

Mijinta kuwa ruwan randa ne. Gilashin tabarau yake yankawa a wani shago, aikin da mutum zai wuni bai ce uffan ba. Da tumbi ya fara gaba yana binsa a baya, likita ya ce ya nemi abin motsa jiki. Ya sayi keke mai siririyar taya, shuɗi, ya shiga wata ƙungiya ta masu hawan keke da suke fita ƙarshen mako su yi doguwar tafiya. Kullum shi ne na ƙarshe, har suka sa masa suna Wutsiya. Bai damu ba. In na tsokane shi sai ya ce, "Auta, ai ko zaki bai cika ba sai da wutsiya."

Shugaban ƙungiyar wani mai shagon katifu ne, dogo, mai faɗin ƙirji, da usur rataye a wuya. Kyaftin ake ce masa. Mutumin yana da ƙarfi, wannan ba a musu, amma yana da wa'azi guda ɗaya da ba ya gajiya da shi: farin burodi guba ne. A wurinsa mahayin keke na gaske burodin alkama mai dusa yake ci, jan nan mai nauyi, a gida da kan hanya duka. "Ni mai sayar da soso ne," in ji shi, "na san soso in na gan shi. Wannan farin abin da kuke ci, da shi nake cika matashin kai."

Wata ranar zafi suka yi nisa da gari, suka tsaya hutawa a bakin wata gada. Mijin Yaya ya koma gefe ya ciro farin burodin da ta shafa masa zuma. Bai kai baki ba Kyaftin ya busa usur. Ya zo ya zare burodin daga hannunsa, ya ɗaga sama kowa ya gani, ya yi ɗan jawabi a kan dalilin da ya sa wasu ba za su taɓa barin wutsiya ba, sannan ya wurga shi cikin kwata. Aka yi dariya. Ya miƙa masa guntun nasa mai dusa, bawan Allah ya tauna ya kasa haɗiyewa. A hanyar dawowa ƙafafunsa suka mutu, idonsa ya fara ganin duhu, ba kuma wanda ya waiwaya. Direban wata motar ɗaukar kaji ne ya tausaya masa. Motar ta zo ta wuce 'yan ƙungiyar a hanya, yana zaune a baya tsakanin kejuna, rungume da kekensa. Wani ya ɗaga waya. Kafin ya iso gida hoton ya riga shi.

Ina gidan ya shigo, da gashin kaza a kafaɗarsa. Yaya ta zuba masa ruwa ta tsaya a kansa har ya ba ta labarin.

"Da ya jefar, me ya ce maka?"

"Cewa ya yi taimakona yake."

"Kai kuma ka ce me?"

Ya dubi kofin. "Na ce na gode."

Yaya ta sa yatsu ta cire gashin kazar daga rigarsa, ta yi murmushi ta ce ba komai.

Ya kafa ƙusoshi a bangon baranda ya rataye keken, bai sake saukar da shi ba. Hoton ya zaga har wurin aikinsa, inda abokan aiki suka ɗauki kwanaki suna yi masa carar zakara in ya shigo. Da abin ya lafa sai ya ce mata shi fa ya yafe, duniyar nawa take.

"Ka yafe naka," in ji ta. "Nawa yana nan. Ni na shafa zumar."

Ita ta sauko da keken. Ta kai wa maƙwabcinta mai fenti ya mayar da shi baƙi don kada a gane shi, ta ɗinka wa kanta dogon wando da riga mai aljihu a baya, ta sayi hular kwano. A lokacin ta ba arba'in baya da kyau, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa ɗora ƙafa a feda ba. Na ce, "Yaya, da girmanki?" Ta ce, "Ni da na tsufa ina taka keke? Bambancin dai wannan yana tafiya."

Da sassafe muke zuwa filin ajiye motoci na wani babban kanti kafin a buɗe. Ina riƙe sirdi ina gudu, tana zagina don na saki, tana zagina don ban saki ba. Ta faɗi ta fasa gwiwa, ta faɗi ta karya tabarau, ta taɓa shiga cikin kwandon shara da kanta gaba ɗaya. Mijinta ne yake wanke mata ciwon, shi ya rage mata tsawon sirdi, ya koya mata faci da sauya giya. Bai tambaye ta me take nufi ba. Ina jin ya sani, ya ga wanda ya yi nisa ba ya jin kira.

Da ta iya sai ta je ta shiga ƙungiyar. Ba ta ce ita matar wane ce ba, ba kuma wanda ya tambaya. Ta gaishe da Kyaftin da "ranka ya daɗe", ta saurari wa'azin burodi da baki buɗe kamar ba ta taɓa jin hikima irin wannan ba. Cikin ɗan lokaci ta zama ɗalibar da yake misali da ita.

Da farko ma ta bi maganarsa da gaske, don ta ce ba a yaƙar abin da ba a ɗanɗana ba. Ta riƙa cin mai dusa a kan hanya. Sai ya zauna mata a ciki kamar dutse, ciki ya kumbura, ƙafa kuma ta zama fanko daidai lokacin da tudu ya taso. Ta gwada fari da zuma da ɗan gishiri, ta ji kafin a jima ƙarfi ya sauko cinya. Amma a shago labarin ya juya. In ta karya da mai dusa sai ta kai azahar tana yanka ba ta tuna da abinci ba, farin kuwa tun hantsi yake sakinta. Wannan ya ƙona mata rai ƙwarai.

"Abin haushin, Auta, rabin maganar mutumin nan gaskiya ce," ta ce da ni tana tauna jan burodi kamar tana tauna kunnensa. "A gida nasa ya fi. A kan sirdi ne ya yi ƙarya."

Ta ɗinka aljihun ɓoye ta cikin rigarta. Na baya, wanda kowa ke gani, jan burodi ne yake leƙowa. Na ciki farin ne, yanka-yanka a leda. Takan ɗan ja baya a kwana ta cusa a baki. In ta ga wani ya fara layi a bayan ayari, ta matsa kusa ta miƙa masa a ɓoye, ta ce, "Ci, ka rufa mini asiri." Da haka ta bar wutsiya ta koma tsakiya, daga tsakiya ta fara jin numfashin na gaba.

Ta lura da wani abu kuma. Fitar da suke yi ta mako-mako kafin rana ta take an dawo, ƙarfin jikin Kyaftin yana kai shi ko me ya ci. Amma akwai babbar tafiya da ƙungiyar take yi sau ɗaya a shekara, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta cikin tuddai. A wannan Kyaftin ba ya hawa duka. Yakan yi rabi, ya shiga motar rakiya, ya ce zai sa ido a kan na baya. Yaya ta bar shekara ta zagayo, ta sake barin wata. Ana saura 'yan makonni, a gaban kowa, ta ce, "Ranka ya daɗe, sababbin nan ba su taɓa ganin abin da burodi mai dusa yake yi wa namiji ba. Har na ji wani yana cewa wai ba za ka iya gamawa ba. Na ce masa ya bari ya gani bana." Kyaftin ya tambayi wane ne. Ta ce ba ta son haɗa faɗa. Nan take ya yi rantsuwa zai hau daga farko har ƙarshe.

Sai ta koyi gashi. Kicin ɗinta ya koma gidan burodi, gari a kan kanta, gari a gashin girarta. Kowane mako takan kai wa Kyaftin guda, ya ci ya yaba, ya ce yanzu ya san an haifi mace. Na jajibirin tafiyar kuwa ina tsaye ta kwaɓa shi. Ta zuba dusa, ta ƙara dusa, ta watsa riɗi da 'ya'yan kabewa, ta kawo garin wake ta tuttula. Da ya fito daga murhu na ɗaga shi da hannu biyu.

"Yaya, wannan in ya faɗo wa mutum a ƙafa sai asibiti. Ki ji tsoron Allah."

"Me na sa a ciki da bai yi wa'azinsa ba? Guba na ba shi? Aƙidarsa ce na gasa masa."

Mijinta ya leƙo, ya dubi burodin, ya dube ta, ya ce shi zai je aski.

Ranar tafiyar ina cikin motar rakiya ina miƙa ruwa, don haka da idona na gani. Kyaftin ya karya da burodin Yaya, ya cika aljihu da sauran. Da safe yana gaba yana busa usur kamar ango. Da rana ta ɗaga sai ya fara tsayawa yana shiga bayan bishiyoyi, wai yana duba hanya. Ya duba hanya har direbanmu ya daina ƙirgawa. Duk da haka in ya ji ƙarfi ya ragu sai ya ƙara gutsurar burodin, don shi ne maganin da ya sani. Bayan la'asar muka iso gindin wani dogon tudu. Sauran duk sun haye, suna zaune a sama a inuwar wata rumfa suna hango mu. Kyaftin ya taka, ya taka, keken ya yi ta rawa, ya sauka ya zauna a kan dutsen gefen titi. Fuskarsa ta yi toka.

Direba ya buɗe ƙofa ya ce ya shigo. Kafin ya motsa sai ga Yaya ta gangaro daga sama, ta ja birki a gabansa.

"Kyaftin a mota? Allah ya kiyaye! Ga su can duk suna kallo. Rufe ƙofar nan, malam."

Ta jingine kekenta, ta zauna a dutsen da ke fuskantarsa, ta sa hannu cikin riga ta ciro ledar. Ta buɗe a hankali. Zuma ta jiƙa burodin har ya yi ƙyalli. Ta gutsura tana tauna, tana kallon gonaki.

Ya daɗe yana haɗiyar yawu kafin ya ce, "Hajiya, mene ne wannan?"

"Soso ne, ranka ya daɗe. Na cika matashin kai."

"Ɗan sam mini."

"Na'am? Iska ta yi yawa."

"Ki ba ni, don Allah."

"Ni na isa in ba ka guba a ɓoye? In wani abu ya same ka a ce ni ce. Mu hau sama, in ba ka a gaban shaidu."

Ta hau kekenta a hankali, shi kuma ya turo nasa da ƙafa yana binta, takalmin hawan keke yana ƙwas-ƙwas a kwalta. Mu ma muka bi su a baya da mota kamar masu rakiyar gawa. Muka iso rumfar. Yaya ta tsaya a tsakiya ta ɗaga ledar sama yadda kowa zai gani, ta ce, "Kyaftin ne ya roƙa." Ta miƙa masa. Ya zauna a ƙasa ya ci yanka bayan yanka, da hannu biyu, zuma tana bin gemunsa, har ya lashe ledar. Wani ya fara dariya ya mayar da ita tari. Wani ya ɗaga waya. Yaya ta gyara tsayuwa don kada ta tare masa haske.

Ƙarfi ya ɗan dawo masa. Sauran tafiyar tana gabansa tana kare masa iska, in ya ja baya ta rage gudu, ta waiwayo ta ce, "Sannu, ranka ya daɗe, daure." Da suka hango wurin tsayawa, jama'a sun taru ana tafi, sai ta miƙe a kan feda ta bar shi. Shi ya shigo na ƙarshe, rana ta riga ta faɗi.

Kwanakin da suka biyo baya Yaya waƙa take yi a shago. Ta yi wa wata mata ragi ba a roƙe ta ba. Na ce a raina to, an sauke kaya.

Ana haka wata safiya mota ta tsaya a ƙofar shago da sabuwar katifa ɗaure a samanta. Kyaftin ya fito yana washe baki. Ya ce ya zo godiya. Ya ce ya gaya wa matarsa, ya gaya wa kowa, ba don Mai Labule ba da gawarsa za a ɗauko a tudun nan. Kowa ya wuce shi, ita kaɗai ta dawo. Irin wannan zuciya, in ji shi, sai an tona.

Na ga almakashi ya tsaya a hannun Yaya. Ta ajiye shi a kan tebur a hankali.

"Ka san ko ni matar wace ce?" Ta gyara. "Matar wane ce?"

"Wa fa?"

"Wutsiya."

Ya ɗaga kai yana tunani, tsakaninsa da Allah. "Wane Wutsiya?"

"Wanda ka jefar wa burodi a kwata. Kuka bar shi a hanya."

Sai fuskarsa ta washe. "Au! Mai kaji!" Ya fara dariya, ya ga idonta, dariyar ta maƙale. "Haba Hajiya, ai wasa ne. Yana ina yanzu? Ki ce ina gaishe shi."

"Burodin da ka ci ka yi ta duba hanya, da gangan na gasa shi. Tudun da ka tura keke, da gangan na sa ka."

Ya dube ta, ya sosa ƙeya. "To, ko ma dai yaya ne, ai kin dawo kin ba ni na ci." Ya sa aka sauke katifar aka jingine a kan yadudduka, ya yi sallama ya tafi.

Ban taɓa ganin Yaya cikin irin wannan fushi ba. Shekaru tana dafa dutse, wanda aka dafa dominsa ya zo ya sha romon ya ce an kyauta. Ta yanka labulen mutane a karkace, karo na farko a rayuwarta. Katifar kuwa ta rantse ba za ta kwanta a kai ba. Mijinta ya ɗauke ta ya kai ɗakin baƙi, yana yin barcin rana a kai, har ya ce ciwon bayansa ya tafi. Kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Da lokacin zaɓen ƙungiya ya zo ta tsaya takara. Ba ta yi jawabi ba. Duk waɗanda ta taɓa miƙa wa burodi a bayan ayari suka ɗaga hannu, ashe sun fi rabi. Ta karɓi usur daga wuyan Kyaftin da hannunta, ta kai gida ta tafasa shi kafin ta sa a baki. Dokarta ta farko, ba mai leƙa aljihun wani. Ta biyu, dole a sami mutum ɗaya da zai riƙa tafiya tare da na ƙarshe, kome jinkirinsa, kuma ta naɗa tsohon shugaba a wannan muƙami ba ranar sauka. Ta zaci zai yi zuciya ya bar ƙungiyar. Ina! Ya karɓa, ya mayar da abin sarauta, yana tafe a baya yana ba sababbi labarin ranar da ya kusa mutuwa a tudu. Har yau kuma Kyaftin ake ce masa, ita Mai Labule.

Mijinta bai sake hawa keke ba. Da yamma yakan zaga unguwa da ƙafa, tumbin ya ragu da kansa. Ita kuwa ta haura hamsin, cinyarta kamar icce, ba ta fashin fita ko ana ruwa. Na taɓa tambayarta ko ta yafe wa mutumin nan. Ta ce tana duba lamarin.

Kwanan baya ta shigo shago da gwiwar hannu a ɗaure. Wani direban bas ne ya matse ta a kwana har ta faɗa cikin ciyawa, ya leƙo ta taga ya ce tsohuwa ta koma gida ta yi renon jika. Na ce mu kai ƙara. Ta ce a'a, ba komai. Ta zauna ta zare allura, can ta ɗago ta tambaye ni ko na san inda ake koyar da tuƙin babbar mota, kuma ko suna karɓar mata.